Fentin ƙaramin jirgin yaƙi a iskar Maradi: nazarin aikin wani mai gyaran waya

## Mai aikin da jirginsa

Mutumin da wannan nazari ya shafa mai gyaran wayar salula ne a unguwar Sabon Gari, cikin birnin Maradi, shekarunsa sun ɗan haura arba'in. Sana'arsa ta saba masa da ƙananan abubuwa: hantsaki, gilashin ƙara girma, da zama a kan abu ɗaya har ya yiwu. Fenti kuwa bai taɓa yi ba, in ban da na ƙofar shagonsa. Ƙaninsa da ke aiki a Faransa ne ya zo masa da tsaraba: kwalin samfurin jirgin yaƙi na roba wanda ake haɗawa da hannu, da ƙananan kwalaben fenti mai tsinkewa da ruwa, da banish iri biyu, mai ƙyalli da marar ƙyalli, da alƙalamin feshi, wato ƴar ƙaramar bindigar fenti mai bakin milimita 0.3. Kwamfuresa, wato injin da ke tura wa alƙalamin iska, ita ce kawai bai ɗauko ba, saboda nauyi.

Jirgin Hawker Hurricane ne, ƙirar farko, a ma'aunin 1/48, wato an rage girman na gaske sau 48. Na gaske faɗin fikafikansa mita 12.19 ne, saboda haka na roba ya tashi santimita 25 da ƴan kai. Sydney Camm ne ya jagoranci zana shi, ya fara tashi a Nuwamban 1935, kuma an ƙera sama da 14,000.

Ba haka kawai aka zaɓi wannan jirgi ba. Da Italiya ta shiga yaƙi a Yunin 1940, Faransa kuma ta faɗi, sai bin Bahar Rum ya zama kasada ga jiragen ruwan Ingila masu kai kaya Masar. Aka koma kawo jiragen yaƙi cikin akwatuna zuwa tashar Takoradi, a ƙasar da yau ake kira Gana, a haɗa su a can, su tashi su bi Legas, Kano, Maiduguri, Fort-Lamy wadda yau ita ce Injamena, su ratsa Sudan har Masar. Ayarin farko ya tashi a Satumban 1940, Hurricane shida da jirgin jefa bam ɗaya ƙirar Blenheim yana musu jagora. Nijar a lokacin tana hannun gwamnatin Faransa ta Vichy, mai haɗin kai da Jamus, shi ya sa hanyar ta kauce mata ta bi Chadi, wadda gwamnanta Félix Éboué ya mara wa Janar de Gaulle baya a Agustan 1940. Kakan mai aikin yana almajiranci a Kano a shekarun nan, kuma ya sha ba jikokinsa labarin jiragen da suka riƙa sauka Kano lokacin yaƙin Hitila. Abin da mai aikin ya sa a gaba shi ne ya fito da jirgin yadda yake ranar da ya sauka Kano: samansa kore mai duhu da ruwan ƙasa a zanen saje, cikinsa launi mai haske tsakanin kore da shuɗi, sai farin fenti a gadon baya da wutsiya, wanda aka riƙa shafa wa jiragen wannan hanya don a hango su daga sama idan sun faɗi a daji.

## Nuwamba: haɗawa

Haɗawar ta ci mako uku, da dare bayan rufe shago, kuma ba ta ba shi wahala ba. Ya yi wa mazaunin matuƙi fenti da burushi, ya liƙa matacin iskan da ke ƙarƙashin hancin jirgi, wanda ake sa wa jiragen ƙasashe masu ƙura. Rufin gilashin matuƙi da farin gam na kafinta ya liƙa shi, don ya sani tun daga gyaran waya cewa tururin sufa gulu yana sa gilashi ya yi fari.

## Disamba: fentin mota

Da yake ba kwamfuresa, sai ya ɗauki jirgin ya kai wa wani dattijo mai fentin mota da suka daɗe da sanin juna.

"Baba, ko za ka taimaka ka fesa mini wannan?"

"Malam, wannan ai ba aiki ba ne. Ragowar abin da ke cikin bindiga ma ya ishe shi."

Allah ya sa a cikin fiffiken hagu, wato gefensa na ƙasa, kaɗai aka fara. Fentin na mota ne, an tsinka shi da tina, aka fesa sau ɗaya a jiƙe. Kafin minti goma fuskar robar ta yamutse, ta yi laushi, ƙananan tsagin da ke nuna mahaɗar ƙarafa suka cike. Robar irin waɗannan samfura folistirin ce, tinar fentin mota kuwa narka ta take yi idan ta kwanta a kai da yawa. Sannan akwai lissafin kauri: fenti mai kaurin milimita 0.1 a jikin samfurin 1/48 daidai yake da kusan milimita 5 a jikin jirgin gaske. Bindigar da aka yi don ƙofar mota ba ta dace da irin wannan ƙaramin aiki ba.

Ya bar fiffiken mako guda ya sake tauri, ya goge shi da samfefa jiƙaƙƙiya mai lamba 600, sannan 1000, sannan 1500, ya sake jan tsagin da allura da ƙarfen awo. Tsagin sun dawo. Kawunan ƙusoshin da aka zana a wurin ba su dawo ba.

## Janairu: alƙalamin feshi da injin firiji

Daga nan ya yanke shawarar yin feshin da kansa. Wani mai gyaran firiji ya haɗa masa kwamfuresa da tsohon injin firiji da tukunyar kashe gobara a matsayin tanki, da agogon matsi da bawul mai sakin iska idan matsin ya wuce kima. Wannan bawul ɗin ba ado ba ne, tanki marar shi bai kamata ya kwana a ɗaki ba. Na'urar daidaita matsi kuwa babu, sai famfo da ake murɗawa da ido.

Yana feshi da rana a shago, tsakanin azahar da la'asar lokacin da abokan ciniki suka yi sauƙi, ƙofa a buɗe tana kallon titi, hunturu yana tsakiya. Ya tsinka fentin yadda takardar kwalba ta ce. Aibu huɗu suka fito tare. Fentin ya kwanta da kaushi, har ana jin tsakinsa da yatsa. Bakin alƙalamin yana toshewa kusan kowane minti. Wasu ƙananan ramuka zagayayyu suka bayyana inda fentin ya guji robar. Ga kuma ƙura da zaren tufa sun manne ko'ina.

Da ya ga toshewa sai ya ƙara matsi, da ya ga matsin yana tura fenti sai ya ja baya zuwa wajen santimita 20. Kaushin ya ƙaru. Ya ƙara ruwa, fentin ya riƙa gudu yana yin ƙafafu. Ya sake shafi a kan shafi har uku yana fatan na sama zai rufe na ƙasa. A ƙarshen wata ya tsaya a kan cewa fentin ne ya lalace a hanya, har ya aika wa ƙaninsa saƙo ya nemo wani.

## Fabrairu: wanki da gwajin cokula

Ƙanin ya ce ba mai zuwa gida sai bayan damina. Wannan ya tilasta masa aiki da abin da ke hannu.

Ya wanke jirgin tas da sifirit ɗin da yake wanke injin waya da shi, da tsohon burushin haƙori. Sifirit ɗin yana ɗaga fenti mai ruwa ba tare da ya taɓa robar ba. Sannan ya ajiye jirgin gefe, ya sayo farin cokalin roba na masu sayar da abinci guda 24, ya mai da su wurin gwaji. Ƙa'idar da ya sa wa kansa ita ce ta neman cuta a waya: abu ɗaya ake canzawa a kowane gwaji, kuma a rubuta a jikin mariƙin cokali. Ya yi saƙon na'urar daidaita matsi da matacin mai da ruwa daga Kano, ya kuma ɗauko wani agogon tebur mai nuna zafi da laima.

Agogon ne ya fara magana. Da rana a shago zafi yana kai digiri 33, laima kuwa ƙasa da kashi 15 cikin ɗari. Bayan sallar asuba, a ƙuryar ɗakinsa na gida, ƙofa da taga a rufe, an yayyafa wa ƙasa ruwa an rataye jiƙaƙƙen tawul, zafi yana wajen digiri 20, laima tana kusan kashi 40. Fenti ɗaya, tsinki ɗaya, matsi ɗaya: cokalin rana ya fito da kaushi, na asuba ya fito sumul. Ɗigon fentin da ke fita daga bakin milimita 0.3 ƙanana ne ƙwarai, a busasshiyar iska mai zafi ruwansu yana tashi kafin su isa jikin roba, sai su sauka a matsayin gari. Ƙarin matsi yana ƙara musu ƙanƙanta, ja da baya yana ƙara musu tafiya. Abin da ya yi a Janairu don magani, su ne suka ƙara cutar.

Ramukan kuwa daga injin firiji suke. Irin wannan inji yana tofar da mai kaɗan-kaɗan tare da iska, kuma fenti mai ruwa ba ya kwanciya inda mai ya taɓa. Ranar da aka sa mataci suka ɓace. Ƙurar ma an gano mafarinta: goge roba da busasshen ƙyalle a irin wannan iska yana tara mata caji, sai ta riƙa jawo duk abin da ke yawo a ɗaki. Ya koma gogewa da ƙyalle mai ɗan damshin sifirit, kuma da ya gama feshi sai ya kife baho a kai.

Sauran gwaje-gwajen suka ba shi ma'auni. Fenti kashi ɗaya, ruwa kashi ɗaya, har ya yi kaurin madarar shanu. Ruwan kuma tataccen ruwan batir ne wanda ba asid a ciki, ba na famfo ba. Ɗigo ɗaya na gilisarin daga famasi a cikin mililita 5 yana jinkirta bushewa, bakin alƙalami ya daina toshewa. Da ya sa ɗigo uku, cokalin ya kwana uku yana danƙo. Matsi tsakanin bar 1 da 1.2 a agogon matsi, tazara santimita 6 zuwa 8, shafi uku ko huɗu marasa kauri maimakon ɗaya mai kauri.

Saura abu ɗaya: fenti mai ruwa ba ya kama tsurar roba, salatif yana ɗaga shi. Ana buƙatar shimfiɗar farko, kuma wadda ke samuwa a kasuwa ita ce ta gwangwanin feshin mota, mai ruwan toka, dangin abin da ya ɓata fiffike a Disamba. A kan cokali, da aka fesa a jiƙe ya yamutse. Da aka fesa daga santimita 30, wucewa ɗaya da sauri, a jira minti goma a sake, har sau uku, bai yi komai ba, don tinar tana tashi kafin ta sami damar cin robar. Da haka ya yi wa jirgin shimfiɗa a makon ƙarshe na wata.

## Maris zuwa Mayu: launuka

Ya bi daga mai haske zuwa mai duhu: cikin jirgi, farin baya, ruwan ƙasa, sannan kore. Kowane launi safiya biyu, daga bayan asuba zuwa bakwai da rabi, sannan kwana biyu ƙarƙashin baho. Idan an ɗauke wuta, iskar tanki tana isar shafi ɗaya.

Don zanen saje, ya yi fotokwafin takardar kwali ya ƙara girmanta har ta yi daidai da jirgin, ya yanka siffofin, ya ɗora su a kan ƙananan naɗin salatif yadda takardar za ta ɗan tashi daga jiki. Haka bakin launi ke fita da ɗan laushi, ba kaifi ba.

Salatif ɗin ya ba da matsala sau ɗaya. Ya rufe farin baya da na takarda, aiki ya sha kansa a shago, ya bar shi kwana huɗu cikin zafin Maris. Gam ɗin ya narke ya zauna, kuma wajen ɓarewa ya tafi da fenti mai faɗin farce. Ya goge wurin ya sake fesawa. Daga ranar, yana fara manna salatif a bayan hannunsa ya rage masa ƙarfi, kuma safiyar da aka sa shi ita ake cire shi.

A tsakiyar Afrilu ko asubar ta daina amfani. Zafin ɗaki yana kusan digiri 30 tun kafin fitowar rana, bakin alƙalami ya koma toshewa. Launukan sun riga sun kammala, sai ya rufe jirgin, ya ajiye kwalaben fenti a gindin randa, bai sake taɓa komai ba har ƙarshen Mayu.

## Yuni da Yuli: tambura

Tamburan jirgin suna kan takarda, ana tsoma su a ruwa su sulluɓe. Ya fara da biyu na cikin fikafikai, kai tsaye a kan fenti marar ƙyalli. Da suka bushe, gefensu marar launi ya fito yana walƙiya fari-fari. Fenti marar ƙyalli yana da ƙananan tudu da kwari da ido ba ya gani, tambari ya kwanta a kan tudun, iska ta maƙale a kwarin, ita ce ke mai da haske.

Ya huda wuraren da bakin allura, ya ɗiga banish mai ƙyalli da aka tsinka ya shiga ƙarƙashi, walƙiyar ta ragu sosai. Sannan ya fesa wa jirgin duka banish mai ƙyalli shafi biyu, ya jira awa 48, ya ci gaba. Sauran tamburan sun kwanta lafiya: na saman fikafikai ja da shuɗi, na gefen jiki mai ja, fari, shuɗi da zoben rawaya, da tutar wutsiya. Na gefen jiki ya fi wuya, don wurin yana da tudu da kwari a jere kamar haƙarƙari. Ruwan binega fari da aka surka ya taimaka masa ya shiga gurbin. Tambarin ya yamutse na ɗan lokaci, ya daure bai taɓa ba, da safe ya miƙe da kansa.

## Agusta: hazo a banish

Shafin ƙarshe shi ne banish marar ƙyalli. Ya fesa shi yadda ya saba: bayan asuba, ƙasa a yayyafe, tawul a rataye. An kwana ana ruwa. Bai duba agogo ba sai daga baya, laima ta haura kashi 80. Banish ɗin ya bushe da farin hazo, musamman a kan kore. Da ya buɗe ƙasan tanki kuma, ruwa ya zubo.

Bai wanke ba, don wanki yana nufin asarar tambura, kuma ba wasu. Ya gwada a cokali tukuna: ya jawo hazon da gangan, ya fesa banish mai ƙyalli a kai, hazon ya lafa. Ya yi haka a jirgin, ya jira mako guda, ya zaɓi ranar da aka kwana biyu ba ruwa, da hantsi wajen ƙarfe goma sha ɗaya, ba tawul ba yayyafi, tanki a tsiyaye, banish a motse sosai, shafi biyu marasa kauri. Ya fito garau.

## Satumba: ƙura da hayaƙi

Hotunan samfura a intanet sun ja shi ga yin jirgi mai ɗaye-ɗayen fenti, azurfa tana leƙe ko'ina. Har ya fara a gindin fiffiken dama, inda matuƙi ke takawa, yana shirin zarcewa baya, sai ya koma ga hotunan jirgin gaske. Bayan Hurricane, daga mazaunin matuƙi zuwa wutsiya, ba ƙarfe ba ne a waje: ƙyalle ne aka shimfiɗa a kan sandunan katako da firam ɗin bututun ƙarfe. Ƙyalle ba ya ɗayewa ya nuna kwano. Kuma jirgin da ya sauka Kano daga Takoradi bai daɗe da fita daga akwati ba. Saboda haka ya taƙaita: garin alli baƙi da ruwan toka a bayan salansa, siririn layin mai a ƙarƙashin inji, jan faci a bakin bindigogi takwas, huɗu a kowane fiffike, da ƙura a tayoyi da ƙasan fikafikai.

Don ƙurar ya fara ɗebo yashin Gulbin Maradi. Ƙwayar yashi mai rabin milimita a wannan ma'auni dutse ce mai milimita 24. Ya bar yashin, ya niƙa alli mai ruwan ƙasa ya shafa da busasshen burushi. An gama aiki a makon uku na Satumba, wata goma bayan buɗe kwali.

## Abin da nazarin ya nuna

Fentin da aka zarga a Janairu shi ne aka gama aikin da shi, kwalabe ɗaya, alƙalami ɗaya, hannu ɗaya. Takardar kwalbar ma ba ƙarya ta yi ba, don iskar Turai aka rubuta ta. A Maradi abin da ya fi tasiri a kan feshi shi ne yanayin iskar ɗaki a sa'ar da aka danna alƙalami, kuma wannan yanayi yana juyawa gaba ɗaya tsakanin hunturu da damina. Hazon Agusta ya fito ne daga dabarar da ta ceci aikin a Fabrairu, wadda ta zama al'ada har aka daina duba agogo.

A ganina watan Fabrairu ne ya raba aikin da lalacewa. Aibu huɗun Janairu sun zo tare a fuska ɗaya, suka yi kama da cuta ɗaya, alhali dalilansu uku ne: busasshiyar iska, man inji, da cajin roba. Muddin a jikin jirgi ake gwaji, ana canza abu biyu ko uku a lokaci guda, ba yadda za a raba su. Ɓarnar Disamba da ta Yuni duka da cokali ɗaya ya hana su. Dakatawar Afrilu da Mayu ita ma daidai ce, ko da yake da an fara feshi tun Nuwamba da ba a kai ga zafin ba.

Jirgin bai fita ba aibi ba. Cikin fiffiken hagu sumul yake ba kawunan ƙusoshi, duk wanda ya juya shi zai gani. Tambura biyun farko suna ɗan walƙiya idan haske ya zo ta gefe. Farin baya ya fi sauran launuka kauri saboda gyaran Maris, har ya ɗan dushe haƙarƙarin ƙyalle a wurin. Sannan jiragen Hurricane na hanyar Takoradi ana ɗaura musu ƙarin tankunan mai a ƙarƙashin fikafikai saboda nisan zango, kwalin bai zo da su ba, shi kuma bai ƙera ba. Wannan gibin ya fi sauran girma ga wanda ya ce jirgin Kano yake son nunawa, kuma shi kaɗai ne har yanzu ake iya gyarawa ba tare da an taɓa fentin ba.